Ɗakin kwana ya faɗi gwajin TM59 da dare: ta ina ake fara gyara?

Mai Zane:

Assalamu alaikum, injiniyoyi da masu zanen gini na wannan zaure. Ina neman shawarar waɗanda hannunsu ya faɗa a kwaikwayon zafin gida da kwamfuta, musamman gidajen kwana a Ingila, inda Sashe na O na dokokin gini, mai hana sabon gida yin zafi fiye da kima, ya fara aiki tun ranar 15 ga Yuni 2022. TM59 shi ne gwajin da ake yi da kwamfutar don ƙirga awannin da ɗaki ya yi zafi fiye da iyaka.

Ga yadda aikin yake. Bene ne mai hawa shida a kudu maso gabashin Ingila, ba cikin Landan ba. Fulat ɗin da ya ƙi wucewa yana hawa na ƙarshe, fuska ɗaya gare shi, duk tagoginsa yamma suke kallo, kuma faɗinsa gaba ɗaya murabba'in mita 50 ne. Ɗakin kwana na mutum biyu ne, murabba'in mita 12, tsayin silin mita 2.5, gilashinsa murabba'in mita 2.4. Falo da kicin a haɗe suke, murabba'in mita 24, da ƙofar gilashi da taga da suka kai murabba'in mita 6. Ƙimar g ta gilashin, wato kason zafin rana da yake bari ya shiga, 0.63 ce. Akwai na'urar MVHR mai shigo da iska da fitar da ita, wadda ke ɗumama mai shigowa da zafin mai fita, ruwan zafi kuma daga tukunya ɗaya ta ginin yake zuwa, bututunsa na bin silin ɗin korido.

Sakamakon da ya fito: falo ya yi awa 96 sama da iyakar zafi, alhali 59 aka yarda. Ɗakin kwana ya tsallake sharaɗin farko na gwajin da awa 88, tunda 110 ce iyakarsa, amma da dare ya yi awa 71 sama da digiri 26, alhali 32 ce iyaka.

Mai ginin ya kawo shawara biyu: a sa labule a cikin samfurin gidan da ke kwamfutar, ko a rage kaurin abin tare zafi na bango da rufi don gidan ya riƙa "numfashi". Wani kuma ya ce a bar kwaikwayon gaba ɗaya a koma hanya mai sauƙi ta Sashe na O, wadda ke auna girman gilashi da na kafofin iska. Ni dai hankalina bai kwanta da ko ɗaya ba. Me ya kamata a fara canzawa, kuma a wane jeri? Allah ya saka da alheri.

Injiniya Lissafi:

Wa alaikumus salam, Malam Mai Zane. Shawarwarin ukun nan duk ka ajiye su. Sashe na O ya hana a lissafa labulen ciki a samfurin, haka ma inuwar itatuwa, saboda mai haya zai iya cire labule kuma itace kan mutu ko a sare shi. Inuwar gine-ginen maƙwabta da ta marufin waje ko rumfa kuwa za ka iya sawa. Rage abin tare zafi kuwa an gudu ne ba a tsira ba: a hawa na ƙarshe shi ne yake kare ɗakin daga rufin da rana ta gasa tun safe, sannan za ka faɗi lissafin Sashe na L, na tattalin makamashi, a lokacin sanyi. Hanya mai sauƙi ita ma a rufe take. Gilashinka 8.4 ne a kan faɗin 50, wato kusan kashi 17 cikin 100, alhali gidan da iska ba ta ratsa shi, mai fuskar yamma, kashi 11 aka ba shi. Ƙari a kan haka, ba a yi hanyar don ginin da ke da dogayen bututun ruwan zafi na haɗaka a kwance ba.

Kafin ka taɓa zanen, koma ka binciki abin da aka shigar wa kwamfutar. Ko IES VE kake amfani da ita, ko Tas, ko DesignBuilder, abin da ka ba ta shi za ta mayar maka. Alƙaluman da zan kawo na TM59 ne, bugun 2017.

Fara da fahimtar abin da ake aunawa. Ba zafin iska kaɗai ba ne, zafin da jiki ke ji ne, wanda a ɗaki marar kaɗawar iska yake daidai da tsaka-tsakin zafin iska da zafin da bango, silin da gilashi ke fesowa. Shi ya sa ɗaki mai faffaɗan gilashi kan faɗi ko da iskarsa ba ta yi tsanani ba. Sharaɗin farko ba shi da tsayayyar lamba, yana tafiya ne da yanayin waje: ana ninka matsakaicin zafin kwanakin baya da 0.33 a ƙara 21.8. Idan matsakaicin 18 ne, iyakar ta zama 27.7. Idan masu rauni ne za su zauna a gidan, kamar tsofaffi, 20.8 ake ƙarawa. Duk awar da ɗaki ya haura wannan iyaka da digiri 1 ko fiye ana ƙirga ta, daga Mayu zuwa Satumba, kuma kada ta wuce kashi 3 cikin 100 na awannin zama. A lura ana cike bambancin zuwa cikakken digiri, don haka rabin digiri ma ya shiga lissafi. Falo ana ɗaukar ana cikinsa daga 9 na safe zuwa 10 na dare, awa 1989 ke nan a wata biyar, daga nan 59 ta fito. Ɗakin kwana awa 3672, iyakarsa 110. Sharaɗi na biyu na ɗakin kwana ne kaɗai, kuma ba ya sassauci: daga 10 na dare zuwa 7 na safe, kada a wuce digiri 26 fiye da kashi 1 cikin 100 na awa 3285 na shekara. Awa 33 faɗuwa ce.

Sai fayil ɗin yanayi. DSY1 ake so, fayil na gwajin zafin bazara, na shekarun 2020, mai hasashen yawan hayaƙin da ke ɗumama duniya, a mataki na 50, wato tsakiyar hasashen, na tashar da ta fi kama da wurin ginin. Kuskuren da ake yawan yi shi ne ɗauko fayil ɗin TRY, wanda na lissafin makamashin shekara ne, ba na zafin bazara ba.

Sai tagogi, kuma a nan ne aka fi tafka kuskure. Duba jadawalin buɗewa: da rana, daga 8 na safe zuwa 11 na dare, taga tana fara buɗewa idan ɗaki ya wuce digiri 22, ta buɗe gaba ɗaya a 26. Da dare ana barin ta a buɗe ne idan ɗakin ya wuce 23 da ƙarfe 11, kuma tagar tana hawa na sama inda ɓarawo ba zai kai gare ta cikin sauƙi ba. Ƙofar shiga fulat a rufe take kullum, ƙofar ɗakin kwana kuma a rufe lokacin barci. Daga nan ka auna ainihin kafar da iska ke bi. Taga mai faɗin mita 1 da tsayin 1.2, mai buɗewa daga ƙasa, idan an sa mata ƙarfen da ke tsayar da ita a milimita 100, kafarta ita ce 0.1 a ƙasa da 0.12 a gefe biyu, jimla 0.22, tun ba a cire abin da firam da kaurin bango suka tare ba. Bai kai kashi ɗaya cikin biyar na girman tagar ba. Wasu su shigar da 1.2 su samu sakamakon ƙarya mai kyau, wasu kuma su rage sau biyu, su sa ƙaramar kafa sannan manhajar ta sake ragewa da nata ma'aunin. Nemi alƙalumman daga kamfanin da zai ƙera tagar.

In duk wannan ya daidaita, to gyara na farko shi ne hana rana shiga. Gilashi mai kallon yamma yana karɓar kusan wat 600 a kowane murabba'in mita da la'asar ɗin bazara. A falonka, 6 sau 600 sau 0.63 ya haura wat 2200. Kwatanta da kayan kicin da falo, waɗanda TM59 ya ba wat 450 a lokacin girki, daga 6 zuwa 8 na yamma, da mutum guda mai fitar da wat 75. Rana ta ninka su duka. Koma gilashi mai g 0.4, ka sauko wat 1440. Cire gilashin da ke ƙasa da tsayin ƙugu, wanda haskensa a ƙasa yake ƙarewa amma zafinsa cikakke ne, ka mai da 6 ta koma 4.5, ka sauko kusan 1080. Ka tabbatar ƙimar g ɗin da ka sa ta gilashi ce zalla idan an zana firam daban, kuma ita ce dai a lissafin SAP, wato lissafin makamashin gida na gwamnati.

Kada ka dogara da rumfa a saman taga. A kudu tana aiki, domin rana tana kaiwa kusan digiri 62 a sama da tsakar rana a ƙarshen Yuni. A yamma, da ƙarfe 5 ta sauko kusan digiri 37, da ƙarfe 6 kusan 27, ta ƙarƙashin rumfar za ta shigo. Yamma marufin waje take so, mai kafofin iska. Idan kuma za a iya barin kankaren silin a fili ba tare da an rufe shi da allo ba, zai shanye wani ɓangare na zafin la'asar.

Hajiya Injiniya:

Injiniya ya gama da ɓangaren rana, bari in ɗora da na dare, tunda nan ne ɗakin ya fi faɗuwa.

Lissafi ɗaya nake so kowa ya riƙe: zafin da iska ke ɗaukewa, a wat, shi ne 1.2 sau litar iska a daƙiƙa sau bambancin zafin ciki da waje. Da dare mutum biyu masu barci suna fitar da kashi 70 cikin 100 na wat 75 kowanne, wato 105, kayan lantarki 10, jimla 115. Wannan ban da abin da bango da katifa da kayan ɗaki suka tara da yamma suke sakewa a hankali. To, MVHR nawa take kai wa ɗakin kwana? Mu ɗauka lita 13 a daƙiƙa. Idan waje ya fi ciki sanyi da digiri 4, abin da za ta ɗauke wat 62 ne. Ko zafin jikin masu barcin ba ta kwashe ba. Na'urar an yi ta ne don tsabtar iska da danshi, ba don sanyaya ɗaki ba, kuma mutane da yawa suna ɗora mata nauyin da ba nata ba.

Duk da haka a duba ta a samfurin, don tana iya ƙara ɓarna. Dole ta kasance da hanyar kewaye ta bazara, wadda ke hana iskar waje bi ta cikin musayar zafi. Idan ba a kunna wannan a samfurin ba, na'urar tana ɗumama iskar dare mai sanyi da zafin iskar da ke fita, ta mayar maka ɗaki. Sannan a zahiri, bakin shan iskarta kada ya zauna a kan baƙin rufi ko bangon yamma, kuma bututun da ya bi ta cikin silin mai zafi a naɗe shi.

Taga ita ce mai aikin. A gida mai fuska ɗaya, a daren da babu iska, abin da ke motsa iskar shi ne mai zafi ta fita ta sama, mai sanyi ta shigo ta ƙasan kafa ɗaya. Saboda haka tsayin kafar yana da tasiri, ba faɗinta kaɗai ba. Kafa mai murabba'in mita 0.6 da tsayin mita 1.2, a bambancin digiri 4, za ta ba da kusan lita 48 a daƙiƙa, wat 230 ke nan. Wannan girman dai, idan aka yi shi siriri mai tsayin mita 2, zai ba da kusan lita 62, kusan wat 300. Shi ya sa nake fifita dogon murfi a gefen taga, mai luba a waje, wato jerin fukafukai masu barin iska ta wuce, wanda ake buɗewa ciki. Yana buɗewa sosai, ruwan sama ba ya shiga, yaro ba ya faɗawa.

Maganar faɗawa ba ƙarama ba ce a hawa na shida. Idan taga za ta buɗe fiye da milimita 100, Sashe na O yana son kariya mai tsayin mita 1.1 daga ƙasa, kuma idan waje take buɗewa, mariƙinta kada ya yi nisa fiye da milimita 650 daga fuskar bangon ciki. Idan ka sa buɗewa mai faɗi a samfuri amma dasashin tagar yana milimita 900, ranar duba gini za a sa a ɗaura mata ƙarfen tsayarwa, kuma duk lissafinka ya rushe. A daidaita wannan tun a zane, tun ran gini tun ran zane.

Sai bututun ruwan zafi. Mutane kan manta shi saboda ba a ganinsa, amma awa 24 yake aiki har da bazara. Ɗauki misalin bututun zuwa da na dawowa da suka kai mita 40 a korido, kowane mita na zubar da wat 10: wat 400 ke nan dare da rana a wurin da ba shi da taga. TM59 ya ce a nuna haɗari idan korido ya wuce digiri 28 fiye da kashi 3 cikin 100 na shekara, wato awa 262. Wannan zafin yana ratsa bango da ƙofa ya shiga fulat. Akwatin HIU da ke cikin fulat ɗin, mai karɓar zafi daga bututun ginin ya ba gidan, shi ma yana da nasa zafin, a sa shi a ɗakin ajiyar da yake, kada a raba shi a kan faɗin gidan. Idan wannan ɗakin ajiya ya jingina da ɗakin kwana, a matsar da shi. Maganin bututu shi ne a gajarta na kwance ta hanyar ƙara masu hawa tsaye, a ƙara kaurin naɗi har kan bawul da maƙalai, a rage zafin ruwan da ke zagayawa, sannan a ba koridon hanyar fitar da iska. Sau da yawa ramin fitar da hayaƙin gobara yana iya yin aikin biyu idan injiniyan gobara ya amince.

Mai Zane:

Na gode ƙwarai, Injiniya da Hajiya. An bi jerin kamar yadda kuka faɗa. An samu kuskure biyu: hanyar kewaye ta MVHR a kashe take, kuma ba a sa zafin bututun korido ba sam, don haka gyaran na farko ya rage zafin, na biyu ya ƙara shi. Bayan gyara, an koma g 0.4, an rage gilashin falo zuwa 4.5, na ɗakin kwana zuwa 1.8, an ƙara dogon murfi mai luba. Falo ya sauko awa 51, ɗakin kwana da dare awa 29. Duka sun wuce.

Sai dai rahoton ƙara ya iso yanzu. Babban titi ne a ƙasan wannan fuskar, kuma an ƙiyasta desibel 47 a cikin ɗakin kwana da dare idan murfin yana buɗe. Shin wannan ya soke sakamakon? Kuma batun barin kankare a fili, yana da amfani a wannan halin?

Malamin Sauti:

Ya soke shi, Malam, babu kwana-kwana. Sashe na O yana ɗaukar cewa mutum zai rufe taga idan ƙarar cikin ɗakin kwana ta wuce desibel 40 a matsakaicin awa 8, daga 11 na dare zuwa 7 na safe, ko kuma ta haura 55 fiye da sau 10 a dare ɗaya. Sharuɗɗa biyu ne, kuma na biyun ya fi kama mutane. Titi na iya yin shiru a matsakaici, amma manyan motoci goma sha biyu da asuba su kayar da kai. Ka tambayi mai rahoton alƙaluman biyun, kuma na hawa na shida, ba na bakin titi ba. Kada a ɗauka sama ta fi shiru: a wasu wurare hawa na sama ya fi jin titi, saboda babu katanga ko ginin da ke tare shi.

Tazararka desibel 7 ce, kuma wannan ana iya neman ta. Taga da aka buɗe kaɗan takan rage ƙarar waje da desibel 10 zuwa 15, gwargwadon girman kafar. Ƙa'idar ita ce duk lokacin da ka raba kafar biyu, ka samu ragin kusan desibel 3. To ka ga matsalar: don samun 7 ta wannan hanya kaɗai sai ka rage kafar zuwa kusan kashi ɗaya cikin biyar, iskar kuma ta tafi tare da ita. Don haka rage buɗewa ba zai wadatar ba.

Abin da ke aiki shi ne luba mai shanye sauti, wadda aka cusa wa ulun dutse a cikin fukafukanta, ko akwatin iska mai lanƙwasa da aka lulluɓe cikinsa. Suna da kauri, sau da yawa milimita 150 zuwa 300, kuma suna tauye iska sosai, don haka dole murfin ya ƙara girma don a dawo da kafar da aka rasa. A nan ake yin kuskuren da ya fi kowanne yawa: injiniyan sauti ya yi lissafi da ƙaramar kafa ya ce ya wuce, injiniyan zafi ya yi da babbar kafa ya ce ya wuce, rahoto biyu masu kyau a kan taga biyu daban. Ku zauna ku amince da lamba ɗaya ta kafar iska, ku rubuta ta a rahotannin biyu da kuma jadawalin tagogi. Jagorar AVO ta 2020 an yi ta ne saboda wannan haɗin na ƙara, iska da zafi, tana da amfani a karanta ta tare.

Baranda mai katanga rufaffiya da silin mai shanye sauti tana rage kaɗan, tana kuma ba da inuwa ga hawan da ke ƙasa. Amma gyaran da ya fi duka, idan zane bai riga ya daskare ba, shi ne a juya tsarin hawan: ɗakunan kwana su koma fuskar da ba ta kallon titi, ko a mai da fulat ɗin kusurwa ya samu fuska biyu. Wannan kaɗai yana warware rana, ƙara da iska a lokaci guda.

A duba hayaƙin motoci ma. Idan iskar bakin titin ba ta da kyau, wannan wani dalili ne na daban da zai hana dogaro da taga.

Hajiya Injiniya:

Kan batun kankare, a nan zan saɓa wa Injiniya Lissafi, ko da yake lokacin da ya faɗa ba a san da ƙarar ba. Kankare ba ya kashe zafi, ajiya yake yi. Kusan milimita 100 na farko ne ke shiga wannan karɓa da mayarwa ta kwana ɗaya. Da la'asar ya karɓa, da dare ya mayar. Idan iskar dare na ratsa ɗakin, ta kwashe, gari ya waye yana da sanyi. Idan taga a rufe take, a kan masu barci zai sauke, daidai awannin da ake ƙirga 26. Za ka ga falo ya gyaru, ɗakin kwana ya ƙara lalacewa. A bar shi a falo idan tagar falon za ta kwana a buɗe, tunda iyakar ƙarar ta ɗakin kwana ce, amma a ɗakin kwana a gwada da shi da babu shi kafin a yanke hukunci.

Idan luba mai shanye sauti ba ta kai ba, ga jerin da zan bi. Na farko, marufin waje a tagar ɗakin kwana. Tunda ba za ka iya fitar da zafi da yawa ba, kada ka bar shi ya shiga. Marufin waje yana tare mafi yawan hasken kafin ya taɓa gilashi, abin da labulen ciki ba ya iyawa, domin shi sai zafin ya riga ya shigo yake tare shi. A samfurin a sa masa jadawali mai ma'ana, a kuma rage kafar iska lokacin da yake rufe. Na biyu, fanka mai jan iska da aka keɓe wa ɗakin. Ɗakin murabba'in mita 12 da tsayin 2.5 yana da kubik mita 30 na iska, canza ta sau 4 a awa yana buƙatar lita 33 a daƙiƙa, wanda zai ɗauke kusan wat 160 a bambancin digiri 4. Wannan yana son bututu mai faɗi da abin kashe ƙara, in ba haka ba ƙarar fankar ce za ta sa a kashe ta, a koma gidan jiya. Wurin bututun a silin a tanade shi yanzu. Fankar silin tana taimaka wa jiki da rana, kuma ana lissafa ta ne kawai idan mai ginin ne zai ɗaura ta tun farko.

Sanyaya iska da na'ura shi ne na ƙarshe, ko dai ƙaramin sashen sanyi da ake haɗawa da MVHR ko cikakkiyar na'urar sanyaya ɗaki. Dokar ba ta hana ba, amma sai ka nuna an yi duk abin da zai yiwu ba tare da ita ba. Don haka ka adana sakamakon kowane mataki, kada ka goge.

Injiniya Lissafi:

Hajiya ta yi gaskiya kan kankare, na janye shi daga ɗakin kwana.

Ƙari biyu. Idan aka ƙare da rufaffiyar taga, ma'aunin ma yana iya canzawa. Gidan da ya dogara da na'ura wajen samun iska, TM59 yana auna shi da tsayayyar lamba: kada ɗaki ya wuce digiri 26 fiye da kashi 3 cikin 100 na awannin zama na shekara, wato 262 a ɗakin kwana, 142 a falo. Fulat ɗinka yana tsakiya, taga da rana, na'ura da dare. Ka rubuta wa jami'an duba gini tun yanzu ku daidaita kan ma'aunin da za a bi. Shawarata ka riƙe iyakar awa 32 ta dare ko da an ce ba dole ba, domin ɗaki zai iya wuce gwajin 262 alhali yawancin awannin nan a tsakar dare suka faɗo.

Sannan awa 29 a kan iyakar 32 tazara ce siririya. DSY1 bazara ce mai matsakaicin zafi, a Landan an gina ta a kan shekarar 1989. Gudanar da DSY2, mai gajeren zafi mai tsanani irin na 2003, da DSY3, mai dogon zafi irin na 1976. Sashe na O bai tilasta wucewa a kansu ba, ko da yake hukumar Landan tana neman a nuna sakamakonsu a manyan ayyuka. Suna nuna maka ɗakin da zai fara gazawa. A ranar 19 ga Yuli 2022 an auna digiri 40.3 a Coningsby da ke Ingila, kuma ginin da kake zanawa zai yi shekaru da dama a tsaye, don haka gwada fayil na shekarun 2050 ma, ka ga ko akwai wurin ƙara marufi ko sashen sanyi nan gaba ba tare da fasa bango ba.

Kada ka tsaya kan wannan fulat ɗin kaɗai. Ka sa na ƙasa da shi a fuska ɗaya, da na hawan ƙasa, inda dole taga ta kwana a rufe saboda tsaro sai in akwai luba ko ƙarfen kariya, da duk wanda ya jingina da ramin bututu. A rahoton ka rubuta fayil ɗin yanayi, sunan manhaja da bugunta, ƙimar g da ta U mai nuna yadda zafi ke ratsa gilashi ko bango, kafar kowace taga dare da rana, litar iskar kowane ɗaki, da zafin bututu a kowane mita. Ka sa sharaɗi a takardun kwangila cewa duk canjin gilashi, taga ko naɗin bututu sai an sake gudanar da samfurin kafin a saya. A takardar jagora da za a miƙa wa mai gida kuma, a rubuta a fili cewa marufin yamma ana rufe shi ne tun kafin rana ta juyo, wajen ƙarfe 1 na rana, ba bayan ɗakin ya ɗauki zafi ba.